Rantsuwar Bawa

"Ba ta magana sam?" in ji ma'aikaciyar da ke rubuta yara masu lalura don tallafin gwamnati a garin Filinge, cikin ƙasar Kurfai.

Bawa ya dafa kan ɗiyarsa Habsa. Shekara bakwai yana nema mata magani, har awakinsa suka ƙare.

"Wallahi, madam, ko kalma guda ba ta taɓa hwaɗi ba."

Habsa ta ja rigarsa. "Baba, ruwa."

Madam ta ajiye alƙalami.

"Haba ɗiyata, duk ranakun Allah sai yau?" in ji Bawa, hawaye na zuba. Ya bar layin da ya kama tun asuba, ya ruga neman ruwa.

Duk Kurfai ba a taɓa ganin wanda aka ƙaryata yana murna haka ba.