Gafarar Ɗan Dako

Babana ɗan dako ne a Gaya. Kura yake turawa daga bakin gada zuwa kasuwa, yana faɗin "Gafara! Gafara!" don a ba shi hanya.

Wata la'asar muna dawowa daga makaranta, sai ga shi da buhunan albasa, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ɗaga mini hannu. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Kin san shi ne?" Na ce a'a. Ya ji.

Na kasa shiga gida, na tsaya bakin ƙofa ina kuka. Ya iso yana warin albasa, ya ce, "Gafara, uwata, kin tare hanya."

Na ce, "Baba, Yesu zai yafe mini kuwa?"

Ya ce, "Ni ma in na ce gafara a kasuwa ana matsa mini, balle shi da ya mutu dominki. Ki tuba, ki gaskata, hanya a buɗe take."

Allah na roƙa a ranar, Baba kam ban roƙe shi ba. Bara muka binne shi. Har yau in ɗan dako ya ce gafara, nakan matsa gefe in sunkuyar da kai.