Zarnin Biskit a Ɗakin Wanki

Tun da wakilin mai gida ya bugo waya ya ce zai zo duba gida ranar Juma'a da yamma, Narelle ta rasa sukuni. Ko mota ce ta tsaya a bakin titi sai ta leƙa ta taga. Abin da take ɓoyewa kuwa bai wuce tafin hannu ba: 'yar kyanwa ce.

A cikin kwata ta tsince ta, bayan gidan burodin da take aiki a garin Ballarat, ta jiƙe sharkaf tana kakkarwa. Ta cusa ta cikin rigar sanyi ta kawo gida, ta sa mata suna Biskit. Ba ta nemi izinin mai gida ba, don tsoron kada a ce su kwashe kayansu. Samun gidan haya ya yi wuya, ga mahaifinta Des, tsohon mai askin tumaki, yana zaune tare da ita. Ina za ta kai tsoho a tsakiyar hunturu?

Ta sayi kaskon roba, ta zuba yashin kyanwa, ta ajiye a ɗakin wanki, jikin injin wanki. Biskit ta ƙi shiga. Da injin ya fara rugugi sai ta zabura ta shige ƙarƙashin kwamin wanke kaya, a can take fitsari, a can take kashi.

"Dangwala mata hanci a cikin ƙazantar," in ji Des. "Haka muka yi wa karnukan gona, ba wanda ya maimaita."

"Baba, kyanwa ce fa, ba karen tumaki ba."

"To ki kai ta jami'a ta koyo."

Narelle ta bi shawararsa. Daga ranar, Biskit na ganin hannunta sai ta ruga maɓoyarta, ɓarnar ta ninka. Katakon daɓen wurin ya sha fitsari har ya kumbura.

Da safiyar Juma'a zarni ya iso har falo. Des ya toshe hanci ya ce, "Ni da hancina ya mutu tun a rumfar tumaki ma ina ji. Mutumin nan daga bakin ƙofa zai gane."

Narelle ta miƙe da sauri. Ta shiga ɗakin wanki ta rufe ƙofa, ta cusa tawul a ƙarƙashinta don kada wari ya fita. Ta ja taga ta kulle, kada maƙwabta su ji kukan kyanwa. Ta kwarara bilic, ruwan nan mai faranta tufafi, tsagwaronsa a kan katakon, ta ga kamar bai isa ba, ta juye rabin kwalbar ruwan goge gilashi a kai. Ta durƙusa ta hau gurza.

Idonta ya fara yaji. Ta ce a ranta, alamar yana aiki ke nan. Sai maƙogwaronta ya ɗau zafi kamar ta haɗiyi garwashi. Tari ya sarƙe ta. Ta buɗe baki ta ja iska, iskar ta ƙi shiga.

Ta waiga ta ga Biskit ta fito tana tangaɗi, kumfa a bakinta, sannan ta koma ƙarƙashin kwamin da jan ciki. A nan Narelle ta gane ba lafiya ba. Ta rarrafa ta kama marikin ƙofa ta ja, tawul ɗin da ta cusa da hannunta ya cije. Ta so ta ƙwala kira, murya babu. Ta shiga dukan ƙofa da tafin hannu, duhu yana rufe mata ido.

Des na falo, ya ƙure rediyo yana sauraron sukuwar dawaki, ga kunne ya yi nauyi. Sai da aka gama tseren ya ji bugu, lokacin bugun ma ya fara rauni. Ya sa kafaɗa ya banke ƙofar, warin ya buge shi har ya ja da baya. Ya riƙe numfashi ya kamo wuyan rigarta, ya ja ta har tsakar gida.

"Narelle! 'Yar nan, dube ni! Ja numfashi mana!" Ya zaro wayarsa ya kira motar asibiti.

A asibiti likita ta yi mata bayani: tsohon fitsarin kyanwa da ruwan goge gilashin duk suna da sinadari ɗaya, idan ya haɗu da bilic sai ya tashi da iska mai guba. A rufaffen ɗaki kuwa, kisa take yi.

Narelle ta ɗaga robar iskar da ke fuskarta. "Baba, Biskit fa?"

Des ya sunkuyar da kai. A ƙarƙashin kwamin ya same ta, ta sandare. Ya ce ya kai ta wurin likitan dabbobi ko da rabo, aka ce masa tsoron injin ne kawai ya hana ta shiga kaskon. Da an matsar da shi wani lungu mai shiru, da an huta.

"Wakilin ya zo?"

"Ya zo." Des ya share ido. "Ya ce mai gidan ma kyanwa biyu gare shi. Da kin tambaya, da an bar ki."

Narelle ta rayu, amma huhunta bai koma daidai ba. Ƙurar fulawa ta raba ta da aikin burodi, hawa matakala kuwa sai ta tsaya tana haki.

Mai karatu, idan dabba ta ƙi wurin da ka tanadar mata, nemi dalili wurin masana, duka da ɓoye-ɓoye ba sa gyara. Kada ka taɓa haɗa bilic da fitsari ko da wani ruwan wanki, kuma kada ka yi aiki da shi sai taga a buɗe.