Sanarwar Mista Etim

Gbolahan ya leƙa ta kafaɗar Nkiruka, robar wake da burodi a hannunsa, ya ga abin da take fama da shi tun safe, ya yi irin dariyar da yake ajiye wa na ƙasa da shi.

Shekararsa shida yana babban mai tsara shafi na intanet a wani kamfanin sayar da tikitin motoci da ke Yaba. Kujerar ta mutum ɗaya ce, kuma ba ya barin kowa ya manta. A watan jiya ya taɓa launi a wuri guda, maɓallin sayen tikiti ya ɓace daga shafin har kwana biyu. A ganinsa matafiya ne ba su iya duba abu ba.

"Kwamfutar ce ta ƙi ki, ko ke kika ƙi karatu?"

"Oga, aikin Madam ne. Ta ce ni kaɗai zan yi shi."

"Ta ce ki yi, ba ta ce kin iya ba. Matsa."

Akwatin sanarwa ne za a sa a fuskar shafin kamfanin. An gina shafin ɓangare-ɓangare, kowane da nasa adon, kuma adon ba ya hawa kan komai sai abin da aka buga wa hatimi tun lokacin gini. Ita kuwa sanarwar, Mista Etim na ofishin ma'aikata ne ke rubuta ta daga teburinsa, sai an buɗe shafin take shigowa. Ba ta da hatimi, don haka take fitowa tsirara, ba launi ba tazara, haruffa cunkushe kamar fasinjojin motar haya ta danfo. Nkiruka ta cika akwatin da "gwaji gwaji gwaji" tana ta gwadawa.

Gbolahan ya yi wa ofishin gaba ɗaya wannan bayani da murya sama, har da waɗanda suka toshe kunne. Sannan ya zauna a kujerarta ya shafe awa uku. Ya goge, ya mayar. Ya zargi janareto. Ya zargi Turawan da suka ƙirƙiro manhajar, waɗanda a cewarsa da sun tuntuɓe shi da ba haka ba.

Nkiruka tana tsaye a bayansa, ta ce a hankali, "Da ka ba adon izinin shiga cikin akwatin kawai. Layi ɗaya ne."

"Abin da nake shirin yi ke nan kika katse ni."

Ya rubuta layin. Nan take "gwaji gwaji gwaji" ya miƙe tsaf, shuɗi, gwanin sha'awa.

Mista Etim ya zo wucewa da kofin shayi, ya ga wanda ke zaune a gaban aikin, ya tsaya cak, ya juya da sauri zuwa ofishin Madam. Gbolahan ya gyaɗa kai. Ya daɗe da sanin cewa kwarjini yake yi wa mutumin.

Ba a jima ba Madam Folashade, mai kamfanin, ta fito.

"Gbolahan, ai na ce ka same ni ƙarfe huɗu. Bar wannan, akwai maganar da za mu yi tukuna."

Ya san maganar. Mako biyu ke nan tana kulle ƙofa da Etim, suna yin shiru idan ya shigo. Mutum ba ya shekara shida yana ɗauke da kamfani a ka ba tare da an ƙara masa girma ba. Har ya gaya wa matarsa ta fara duba gida a Surulere.

"Madam, minti ɗaya. Gara ki ga dalilin da idonki."

Ya haɗa kwamfutar da babban allon bango, ya tafa hannu kowa ya juyo. Ya cire rubutun gwaji, ya haɗa akwatin da ainihin abin da Etim ya rubuta.

"Ba sai ka buɗe ba," in ji Madam.

Ya buɗe.

Kai, abin ya yi kyau. Kan maganar ya fito da manyan haruffa, tazarar daidai, gefe da gefe ba karkata. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana nuna gwanintar. Ofishin ya yi tsit. Nkiruka ta dubi takalminta, Etim ya shiga hura shayin da ya riga ya huce. Gbolahan bai taɓa samun irin wannan girmamawa ba, har ya ɗan rusuna.

Sai da ya ɗago, yana jiran tafi, ya tuna bai karanta abin da ya yi wa adon ba. Ya ja da baya taku biyu, ya karanta da ƙarfi don na nesa su ji.

"Ana neman babban mai tsara shafi, wanda zai fara aiki ranar Litinin."