Hoton Kama Zomo

Saje, mutumin da ko murmushi rowarsa yake yi, yau sai ga shi yana taka rawa a tsakar bariki. Wata bakwai rundunarsu tana mamaye da garin, wata bakwai kuma Zomo, jagoran 'yan tirjiya, yana ƙona musu motoci, babu wanda ya san kamanninsa. Kwamanda ya riga ya rantse cewa in watan nan ya mutu babu Zomo, sai ya tuɓe wa Saje muƙaminsa. To ga shi da hantsi sun zaƙulo wani ƙato daga gidan niƙa, da bindiga cikin buhun gari. Wa zai zama in ba shi ba?

Al'adar rundunar ce, ba a kai kamamme kurkuku sai an yi hoto da shi an aika wa manya. Aka kira mai hoton bakin kasuwa, wani tsamurarren mutum mai yawan rusunawa, wanda babu sojan da bai ɗauka ba a barikin nan. Ya iso da 'yan dako huɗu niƙi-niƙi da kaya.

Har masu gadi suka bar ƙofa suka rugo. Wa zai yarda a kafa tarihi babu fuskarsa?

Mai hoto ya leƙa, ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, ƙarafan nan suna ƙyalli, za su ɓata aikin."

Nan da nan aka jingine bindigogi a bango. Ya jera sojojin suna fuskantar rana, gajeru gaba, dogaye baya, ya janyo kamammen gefe don ya gyara masa riga. Saje ya murɗe gashin baki, ya haɗiye tumbi, daɗi kamar ya kashe shi. Har ya zaɓi bangon da matarsa za ta rataya hoton.

"Rana tana sa ku ƙifta ido," in ji mai hoto. "Ku rufe, in na ce uku ku buɗe. Ɗaya... biyu..."

Shiru, uku ta ƙi zuwa. Wani kofur ya fara ƙyalƙyala dariya. Saje ya buɗe ido ɗaya, sai ya ga bindigogin a hannun 'yan dako, bakinsu yana kallon ƙirjinsa. Ƙaton nan kuwa an riga an kwance shi, yana murza wuyan hannu yana hararar mai hoto.

"Haba Zomo," ya ce, "ina ɗaure, ka tsaya gyara musu layi?"