Ba Ita Ke Cin Riɗin Ba

Kawuna ya rantse wata 'yar mitsitsiyar tsuntsuwa ce ke cinye masa riɗi a gonarsa ta Agyaragu.

Na ce, "Kawu, ƙwari take ci, kullum ina kallonta."

Ya ce in rufe masa baki. Ya fizge danƙona, da shi ya harbo ta daga kan mangwaro, kusa da sheƙarta. Ya sa farce ya farke cikinta a gabana. Tsutsotsi ne kawai, babu riɗi ko ƙwaya.

Ya goge yatsa a wando, ya ce, "Ko loma ba ta kai ba."

Yanzu ya tsufa. Ina gaishe shi, amma har gobe ba na cin abinci kwano ɗaya da shi.