Sabulun da Ya Ƙi Kumfa a Badagry

Ina da shekara tara Baba ya kwashe mu daga Wudil zuwa Badagry, wai mu huta. Wata biyu ke nan da rasuwar ƙanina Sadiƙu, kuma tun ranar Umma ba ta ce wa kowa komai ba, sai dai ta amsa sallama. Baba yana ganin idan ta ga teku, bakinta zai buɗe.

Da la'asar muka sauka bakin ruwa. Umma ta buɗe jakarta, ta fito da sabulun wanki da 'yar rigar Sadiƙu, wadda ta hana kowa taɓawa. Ta tsuguna kamar yadda take yi a bakin kogin garinmu, ta jiƙa rigar, ta goga sabulu. Babu kumfa. Ta sake gogawa, ta yi ta cuɗawa.

Baba ya ce, "Haba, Rabi, ruwan gishiri ne fa. Ba a wanki da shi."

Ta ɗago kai ta dube shi. "To me ake yi da shi, Malam, duk yawan nan nasa?"

Maganarta ta farko ke nan cikin wata biyu. Ni kuwa ina kallon sabulun da igiyar ruwa ta tafi da shi, ban ji komai ba.

Rigar ta bushe da gishirinta, ta yi tauri. Yau tana cikin akwatina. Akwai famfo a gidana, akwai sabulu. Ban wanke ta ba.