Kwanar Ayagoz

Sanjar ya shimfiɗa taswira a kan teburin shayi a gidan su budurwarsa Moldir da ke Almaty. Motarsa na waje, wadda ya sa wa gado da murhu a ciki.

Ya bi layin hanyar da jan fensir. "Daga nan sai tafkin Balkash, Baba, sannan mu ratsa fili har Karaganda."

Bekbolat, mahaifin Moldir, ya karɓi buta daga hannun 'yarsa, ya cika wa Sanjar kofi fal. Ba a cika wa baƙo kofi sai ana so ya sha ya tafi.

"'Yata ba ta kwana a daji da baƙo," in ji shi. Sai idonsa ya faɗa kan layin. "Wannan kwanar fa? Me ya kai ka Ayagoz? Ba komai can sai tumaki da tsohuwata."

"Dominta aka shirya tafiyar. Da mahaifiyata za a je, 'yan kunnen baiko na jakarta. A gaban kakar Moldir nake so a sa mata su."

Moldir ta sunkuyar da kai. Ta ɗauke cikakken kofin, ta ajiye wa Sanjar wani, shayin ko rabi bai kai ba, irin na wanda ake so ya zauna. Sannan ta dubi mahaifinta.

Bekbolat ya daɗe yana kallon kofin. Can sai ya fizge fensirin.

"Kai yaro, wannan hanyar sai raƙumi! Bi ta nan. Kuma kujerar gaba tawa ce."